Bindigogin arewacin Kamaru: me ake ƙerawa a gida, me ake shigowa da shi?

A yankin Kaele, babban birnin gundumar Mayo-Kani da ke kusa da iyakar Chadi, da kuma ƙauyukan da ke kan hanyar Garwa, akan ce wa bindiga "ƙirar gida" matuƙar daga hannun maƙeri ta fito. Sunan bai faɗi gaskiya duka ba. Bindigogin da ake gani a arewacin Kamaru iri-iri ne, kuma kowace da gwargwadon dogaronta ga kayan waje.

Wadda ta fi kusa da zama ta gida ita ce bindigar toka ta mafarauta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ƙotarta icen daji ce, aikinta na maƙera ne. Amma ƙarfen da ake yin bututunta ba daga tama aka narko shi ba, domin narkar da tama ta mutu a mafi yawan yankin tun da tsofaffin ƙarafan Turai suka cika kasuwa. Maƙerin yau da ragowar ƙarafan mota da na famfo yake aiki, ƙarafan da ba a yi su don jure fashewar albarushi ba. Shi ya sa bindigar kan tsage a hannun mai ita, ta tafi da yatsu ko ido. Irinta 'yan sintirin ƙauyuka a jihar Arewa Mai Nisa suka riƙa ɗauka, tare da kwari da baka, tun da hare-haren Boko Haram suka tsananta a 2014.

Akwai kuma wadda maƙeri ke yi don ta ci harsashin kanti, irin na farautar tsuntsaye da ƙananan namun daji. A nan gangar jikin ce kawai ta gida. Harsashin daga masana'anta yake zuwa, ko daga Turai, ko daga kamfanoni irin MACC na Pointe-Noire a Kongo. Idan harsashi ya yanke, bindigar ta zama sanda. Hukumomi sun san da haka: a watan Afrilun 2018 ministan cikin gida Paul Atanga Nji ya hana sayar da bindigogi da harsasai a jihohi shida, ciki har da Adamawa.

Bindigar yaƙi kuwa, wato Kalashnikov da 'yan'uwanta, waɗanda 'yan fashin da ake kira zargina da masu garkuwa da mutane ke riƙewa tsakanin Mayo-Rey da Mayo-Kebbi ta Chadi, daga masana'antun ƙetare suka fito. Da yawansu ragowar yaƙe-yaƙen Chadi ne, wasu sun kwararo bayan rushewar Libiya a 2011, wasu kuma an ƙwace su ne daga hannun sojoji. Abin da maƙeri ya fi yi musu shi ne gyara. Masanin tarihi Saïbou Issa na jami'ar Marwa ya bi diddigin wannan fashi a littafinsa Les coupeurs de route na 2010.

Dogaro da waje ba sabon abu ba ne. Rabeh, wanda Faransawa suka kashe a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900, yana da masu gyaran bindiga da masu haɗa albarushi a Dikwa, amma manyan bindigoginsa saye ne ko ganimar yaƙi.

Ko gwamnatoci ma ba su tsira ba. Sojojin Kamaru, har da rundunar BIR, da bindigogin ƙetare suke aiki. Najeriya ta kafa masana'antar DICON a Kaduna a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus, ta kuma fitar da samfurinta na Kalashnikov mai suna OBJ-006. Duk da haka a 2018 sai da ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin PGZ na Poland don haɗa bindigar Beryl a Kaduna. Zanen bindigar da fasahar na baƙi ne, ma'aikatan na gida.

Ta fuskar doka, babu ruwan jandarma da inda aka ƙera bindiga. Dokar Kamaru ta 14 ga Disamban 2016 ta haramta ƙera bindiga ko riƙe ta ba tare da izinin hukuma ba, kuma hukuncin ya haɗa da ɗauri. Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin yarjejeniyar Kinshasa, wadda ta fara aiki a watan Maris na 2017, kuma ta ambaci sassan da ake ƙira ko gyara da su ƙarara. Najeriya kuwa tana ƙarƙashin ta ECOWAS ta 2006. Takardar izinin da aka ba mutum a wata ƙasa ba ta aiki a maƙwabciyarta, don haka mafarauci ko makiyayin da ya tsallaka daga Mubi ko Lere da bindigarsa, ko da harsasai kaɗai, ana iya kama shi a shingen farko.