Hadarin da ke wayarka ba a nan yake ba

1/ Daminar bara ƙanena a Gehuru ya turo min hoton tauraron ɗan'adam: "Yaya, ga hadari a kanmu, amma ko ɗigo babu." Ruwan kuwa kudu da su ya sauka. Abin yana da tarihi. Ku biyo ni 🧵

2/ A Nuwamban 1977 Turawa suka harba Meteosat-1, suka ajiye shi kusan kilomita 36,000 sama da tekun da ke kudu da Ghana. Yana zagaye daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum kamar a tsaye yake. Magadansa ma nan suke zama.

3/ To mu muna arewa da wurin, a karkace yake hango mu. Ka kalli kan rimi daga nesa, sai ka ga kamar ya hau gidan da ke bayansa. Haka kan hadari yake faɗawa arewa da ainihin inda yake.

4/ A Jega, Aliero da Maiyama, hadari mai tsayin kilomita 15 yana gocewa kamar kilomita 4. A Landan irinsa ya haura kilomita 20. Mu kam mun yi dace.

5/ Da farko gocewarmu ba ta fitowa sosai. Hoton zafi na Meteosat-1, ɗigo ɗaya kilomita 5 ne, kuskuren ya ɓuya a ciki. Da irin hotunan nan shirin TAMSAT na Jami'ar Reading ke ƙiyasta ruwan Afirka, bayanansa sun faro daga 1983.

6/ Amma Meteosat-12, da aka harba a Disamban 2022, yana ɗauko hoto duk minti 10, ɗigonsa kilomita 1 zuwa 2. Yanzu kilomita 4 gonakin wani ƙauye ne guda fa.

7/ Gyaran? Ana auna sanyin kan gajimare. Iya sanyinsa, iya tsayinsa. Da an san tsayin, sai kwamfuta ta ja shi baya wajen tauraron, ta mayar da shi gurbinsa.

8/ Ba kowace manhaja ke nuna hoton da aka gyara ba. Na ce wa ƙanena: kafin ka zuba taki saboda hoto, ja hadarin kudu kaɗan a ranka, sannan ka fita ka dubi gabas yadda Baba yake yi.