Daga Caji Ofis Zuwa Jami'a: Tarihin Karatun Shari'ar Laifuka a Amurka

Digiri na biyu a fannin manufofi da gudanar da shari'ar laifuka, wanda jami'o'in Amurka da dama ke bayarwa a yau, ya samo tushe ne daga ofishin 'yan sandan Berkeley, wani ƙaramin gari a jihar Kalifoniya. A 1905 mutanen garin suka zaɓi August Vollmer ya riƙe musu harkar tsaro, a 1909 kuma ya zama shugaban 'yan sanda. Tsohon soja ne da ya taɓa aikin raba wasiƙu, bai kuma yi boko mai zurfi ba. A lokacin, ƙarfin damtse da ubangida a siyasa su ne sharuɗɗan shiga aikin ɗan sanda. Vollmer ya buɗe wa yaransa makaranta a 1908, ya riƙa gayyato malaman jami'a suna koya musu dokar shaida da binciken kimiyya, sannan a 1916 ya shawo kan Jami'ar Kalifoniya ta soma kwas na lokacin hutu. Ya kuma riƙa ɗaukar ɗaliban jami'a aiki, abin da tsofaffin hannu suka mayar abin dariya. Cikin waɗannan samari akwai O. W. Wilson.

Abin ya bazu sannu a hankali. Kwalejin San Jose ta buɗe sashen koyon aikin ɗan sanda a 1930, Michigan State ta bi sahu a 1935. A 1950 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta kafa cikakkiyar makarantar nazarin laifuka, Wilson ya zama shugabanta, a shekarar ce kuma littafinsa kan gudanar da rundunar 'yan sanda ya fito. Karatun wannan zamani na tsara aiki ne: yadda za a raba sintiri, a adana bayanai, a raba ɗan sanda da cin hanci. Kotu da gidan yari ba su cika shiga lissafi ba. Tambayar abin da ke sa mutum aikata laifi kuwa tana hannun masana zamantakewa irin su Edwin Sutherland, waɗanda ba su da wata hulɗa ta kirki da masu kaki.

Abin da ya ba fannin batun da zai kira nasa shi ne wani bincike da gidauniyar ƙungiyar lauyoyin Amurka ta ɗauki nauyi, ƙarƙashin jagorancin Frank Remington na Jami'ar Wisconsin. A 1956 da 1957 aka tura masu bincike jihohin Kansas da Michigan da Wisconsin, suka shiga motocin sintiri, suka zauna a ofisoshin masu gabatar da ƙara, suna rubuta abin da idonsu ya gani. Sun tafi da zaton cewa doka ce ke tafiyar da komai, duk wanda ya kauce mata kuwa ko jahili ne ko maciyin amana. Abin da suka tarar daban ne. Ɗan sanda na iya ganin laifi ƙiri-ƙiri ya yi gargaɗi ya wuce, domin kamun ba zai gyara komai ba. Wani kuma ya kama mutum alhali ya san ba za a kai shi kotu ba, don kawai a raba rigima a daren. Mai gabatar da ƙara na rage tuhuma idan wanda ake zargi ya yarda zai amsa laifi, ta haka akasarin shari'o'i ke ƙarewa ba a ko kira shaida ba. Wato a kowane mataki akwai ma'aikacin da ke yanke shawara da ganin damarsa, galibi ƙaramin ma'aikaci, kuma inda babu mai ganinsa. Littafin Wayne LaFave kan kamu a 1965 da na Donald Newman kan amsa laifi a 1966 duk daga wannan bincike suka fito. Haka ma Herman Goldstein, wanda ya yi aikin a matsayin matashin mai bincike, ya koma mataimakin Wilson lokacin da Wilson ya karɓi rundunar Chicago a 1960, daga baya ya zama malami a Wisconsin.

Sai siyasa ta shigo. Laifuka sun ƙaru a shekarun 1960, tarzoma ta ɓarke a birane, Shugaba Lyndon Johnson ya kafa kwamitin bincike a 1965. Rahoton da ya fito a 1967 na ɗauke da wani zane da ƙungiyar Alfred Blumstein, masanin lissafin tsare-tsare, ta tsara. Zanen ya bi mai laifi tun daga kai ƙara, zuwa kamu, beli, shari'a, ɗauri, har sallama, yana nuna inda mutane ke zubewa a kowace gaɓa. Da wuya a sami littafin shekarar farko da babu shi a ciki har yau. Darasinsa shi ne 'yan sanda da kotu da gidan yari jiki ɗaya ne: idan aka ƙara kamu ba a ƙara alƙalai ba, cunkoso zai koma ɗakunan masu jiran shari'a. Masu suka sun daɗe suna cewa kiran abin "tsari" yabo ne da bai cancanta ba a ƙasar da ke da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kowace da shugabanta, amma sunan ya zauna.

Rahoton ya ba da shawarar a kai ga matsayin da kowane ɗan sanda zai riƙe digiri, wata dokar tarayya ta 1968 kuma ta samar da kuɗin. Gwamnatin tarayya ta riƙa biya wa ma'aikatan tsaro kuɗin makaranta, kwalejoji suka yi caa. Shirye-shiryen da ba su kai 200 ba a tsakiyar shekarun 1960 sun haura 1,000 cikin kimanin shekara goma. Da yawansu ba su da malami mai digirin digirgir ko ɗaya. Wani jami'i mai ritaya ne zai shigo da yamma ya cika awa uku da labarin kamun da ya yi a zamaninsa. Sauran malaman jami'a suka laƙaba wa irin waɗannan sassa "shagon 'yan sanda", suna zolayar cewa ɗaura ankwa ake koyarwa. Rahoton da Lawrence Sherman ya jagoranta a 1978 ya tabbatar da yawancin zargin. Gorin bai gama barin fannin ba har yanzu, shi ne kuma ya sa malamansa ke nacewa a kan ƙididdiga da dabarun bincike fiye da yadda ɗalibai ke so.

Amsar da aka ba wannan gori ta fito ne daga Albany a jihar New York, inda makarantar shari'ar laifuka ta karɓi ɗalibanta na farko a 1968, ta kuma zama ta farko da ta ba da digirin digirgir da wannan suna. Ta haɗa lauyoyi da masana halayyar ɗan Adam da na ƙididdiga, irin su Newman da Hans Toch da Leslie Wilkins. Manhajarta ta taɓo yanayin laifi, doka, da yadda shari'a ke tafiya a aikace, sannan ta ƙara da yadda ake kawo sauyi cikin hukuma da shiri. Wannan kashi na ƙarshe shi ne kakan darussan manufofi na yau. Rutgers ta buɗe tata a 1974. Ita kuwa Berkeley, uwar fannin, an rufe makarantarta a 1976, bayan da wasu malamanta masu ra'ayin sauyi, irin su Tony Platt da Herman Schwendinger, suka mayar da hankali ga sukar 'yan sanda da yaƙin Biyetnam, hukumar jami'a ta ga ba za ta iya ba.

Martabar da fannin ya samu bayan haka ta zo ne ta hanyar gaya wa masu aikin abin da ba su so ji ba. A Kansas City, daga 1972 zuwa 1973, aka raba yankunan sintiri 15 gida uku. A biyar aka janye sintirin yau da kullum sai in an kira, a biyar aka bar shi yadda yake, a biyar aka ninka shi sau biyu zuwa uku. Laifi bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba, mazauna unguwannin ma ba su lura an canza komai ba. A 1974 Robert Martinson ya wallafa taƙaitaccen bayani kan nazarce-nazarce 231 na shirye-shiryen gyaran halin fursunoni, jama'a suka ɗauke shi da ma'anar babu abin da ke aiki. Ya sassauta matsayinsa a 1979, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. 'Yan siyasa sun sami hujjar tsawaita ɗauri, dokar tarayya ta 1984 ta soke sakin talala ga fursunoninta, yawan waɗanda ke gidajen yarin jihohi da na tarayya kuma ya tashi daga kimanin 200,000 a farkon shekarun 1970 zuwa miliyan 1.6 a 2009.

Wani gwaji da aka yi a Minneapolis kan dukan mata a gida ya fi kowanne zama darasi a ajin manufofi. Sakamakon da Sherman da Richard Berk suka fitar a 1984 ya nuna kama mijin ya fi nasiha ko korarsa daga gida na 'yan awoyi rage maimaita laifin. Nan da nan rundunoni da jihohi suka rungumi dokar kamu. Da aka sake gwajin a birane irin su Omaha da Milwaukee, sakamakon ya rarrabu: akwai alamun kamu na tsorata mai aikin yi, yana kuma ƙara tunzura marar aiki. Dokokin dai sun riga sun shiga littafi, kaɗan ne aka taɓa.

Wanda ya shiga digiri na biyu a yau gadon duk wannan yake tararwa. Karatun kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, sau da yawa da yamma ko ta intanet, saboda rabin ajin na iya zama 'yan sanda da gandirobobi da jami'an sa ido kan masu ɗaurin talala da suka taso daga aiki. Jigon darussan shi ne ra'ayoyin masana kan laifi, dabarun bincike, ƙididdiga, gudanar da hukuma, da auna ko wani shiri ya yi tasiri. Mai niyyar digirin digirgir kan rubuta kundin bincike. Ma'aikaci kuwa ya fi zaɓar aikin ƙarshe a kan matsalar hukumarsa, misali ya ɗauki bayanan kiran gaggawa na shekara guda ya gano 'yan titunan da ke cinye lokacin motocin sintiri, bisa tafarkin da Goldstein ya shimfiɗa a 1979 da binciken 1989 da ya gano kusan kashi 3 cikin 100 na adireshin Minneapolis ne ke jawo rabin kiran 'yan sanda.

Takardar ba lasisi ba ce kamar ta likita ko lauya, babu wata hukuma da ke hana wanda ba shi da ita aiki. Darajarta ta dogara ne ga inda mutum yake. A Massachusetts, dokar Quinn ta 1970 ta ɗaura ƙarin albashin ɗan sanda da matakin karatunsa, har ya kai kashi 25 cikin 100 ga mai digiri na biyu a garuruwan da suka shiga tsarin, abin da ya cika azuzuwa ya kuma sake tayar da tsohuwar muhawarar inganci. A sauran wurare takardar kan yi amfani ne wajen neman kujerar shugaban runduna, ko aikin nazarin bayanai a ma'aikatar shari'a, majalisar jiha da cibiyoyin bincike.