Lambobi Masu Baiko: Shafinsu Daban, ko Zaman Gida?

Ɗauki 48. Lambobin da suke raba ta ba saura, in aka cire 1 aka cire ita kanta, su ne 2, 3, 4, 6, 8, 12, 16 da 24. Haɗa su, ka sami 75. To, yi wa 75 haka: 3, 5, 15 da 25. Jimla 48. Kowace ta nuna 'yar'uwarta. Haka 140 da 195 suke, haka 1050 da 1925.

A littattafan lissafi na Ingilishi suna biyu ake kiransu da shi. Ɗaya ma'anarsa "waɗanda aka yi wa baiko", ɗayan kuma "kusan masoya". Mai tsara kundin sani zai so ya san ko sun isa a buɗe musu shafi na kansu, kuma sunayen nan biyu ba amsa ɗaya suke ba shi ba.

"Kusan masoya" sunan jingina ne. Duk wanda ya ji shi sai ya tambaya, su wa ne masoyan? Su ne irin 220 da 284, inda ake ƙidaya 1 a cikin lissafin: masu raba 220 su ba da 284, masu raba 284 su ba da 220. Waɗannan ba a jayayya a kan shafinsu. Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fitar da ƙa'idar nemo su. Ibn Khaldun ya ambaci 220 da 284 a Muƙaddima, wajen maganar masu ɗalasimai na neman soyayya. Euler ya ƙaro kusan sittin a ƙarni na 18, amma duk da haka 1184 da 1210 suka wuce shi, sai wani yaro ɗan Italiya mai shekara 16 ya tsinto su a 1866.

Larabawa suna ce musu al-a'adadul mutahabba. Wanda ya taɓa karatun sarfu zai lura da sigar, ta tafa'ul ce, wato aikin da ba ya yiwuwa sai da mutum biyu: kana so ana son ka. Sunan da kansa ya riga ya faɗi rabin ma'anar. Na Turawa kuwa daga kalmar Latin ta "aboki" ya fito, abin ya ɗan huce. Ya ma jawo ruɗani, don akwai wasu lambobin daban, irin 30 da 140, da su ma ake kira abokai bisa wata ƙa'ida da ba ta da haɗi da wannan.

"Masu baiko" fa? Wannan ya fi daɗin ji, kuma yana da abin kamawa. Duk masoyan da aka gano zuwa yau, ko dai dukansu cika ne ko dukansu mara. Masu baiko kuwa, duk waɗanda aka gano, ɗaya cika ɗaya mara ne, kamar 48 da 75. Har yanzu ba a tabbatar da hujja cewa dole haka ya kasance ba, ta kowane ɓangare.

Sai dai daɗin suna ba ya cika shafi. Me za a rubuta? Ma'ana a layi biyu, 'yan misalai, sai tambayar cika da mara. Kuma ba yadda za a yi a fara bayanin ba tare da an kira masoya ba, tun da bambancin duka a kan 1 ne: a ƙidaya ta ko a bar ta.

A ganina sunan jinginar ne ya faɗi gaskiya, na baikon kuma bai ƙaryata shi ba, don wadda aka yi wa baiko ai a gidan iyayenta take zama har a ɗaura. A ba su sashe mai kansa a ƙarƙashin masoya, a rubuta sunayen biyu, a sa manuniya ga mai neman su da kowanne. Ranar da wani ya warware zancen cika da mara, sai a buɗe musu shafi.