Allurar kumfa a hoton sikanin: mece ce, kuma me take nunawa?

Allurar kumfa wani ruwa ne da ake zuba wa majinyaci ta jijiyar hannu lokacin da ake masa sikanin, don hoton ya fito tas. A cikinsa akwai ƙananan kumfa masu iska, girmansu bai wuce na ƙwayar jini ba. Idan sautin na'ura ya doke su, sai su mayar da amo mai ƙarfi, likita ya ga yadda jini ke shiga da fita a wurin da yake dubawa. Wasu masana biyu a Amurka, Gramiak da Shah, su suka fara ba da rahoton wannan a 1968. Sanannun nau'o'insa a yau su ne SonoVue, Definity, Optison da Sonazoid.

Inda ake amfani da ita

Hanta: nan ne babban aikinta. Sikanin na yau da kullum zai iya nuna ƙari, amma ba kullum yake faɗin irinsa ba. Da kumfa, ƙarin kansa yakan yi haske, sannan hasken ya dushe kafin na sauran hanta. Ƙari marar illa kuwa galibi yakan riƙe haskensa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Najeriya, kuma yana cikin manyan masu jawo kansar hanta.

Zuciya: tana fito da bangon zuciya, a ga ƙarfin bugunta ko gudan jini da ya maƙale.

Ƙoda da mafitsara: tana bambanta ƙullin ruwa da ƙari. A yara, akan zuba ta cikin mafitsara don gano fitsarin da ke komawa ƙoda.

Lafiyarta

Babu tiriri irin na CT, kuma ba ta wahalar da ƙoda, don iskar ta huhu take fita cikin 'yan mintuna. Wasu kan ji ciwon kai ko tashin zuciya. Borin jini mai tsanani ba kasafai ba ne, amma yana faruwa, shi ya sa ake yinta inda akwai kayan agajin gaggawa. Mai juna biyu, mai ciwon zuciya, da wanda magani ya taɓa ɓata wa jiki, su faɗa wa likita tukuna.

Ba kowane shagon sikanin ke yinta ba, sai mai na'urar da aka tsara don haka. Mazauna Legas, Ibadan ko Fatakwal su fara tambaya a sashen hoto na asibitin koyarwa.