Ƙirar Kamfani da Hannun Bakanike: Tarihin Sauya wa Mota Fasali a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Muhawarar da masu motoci ke yi a kan ko ya dace a bar mota yadda kamfani ya ƙero ta, ko kuwa a sa mata hannu a sauya wasu sassanta, ta daɗe a yammacin Zamfara, sai dai tushenta ya sha bamban da na irinta da ake yi a Turai da Japan. A can, masu sha'awar ƙananan motoci marasa nauyi masu ƙofa biyu suna jayayya ne a kan ƙara wa inji ƙarfi da dusar da mota ƙasa domin ta riƙe kwana a guje. A Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa, abin da ya fi damun mai mota shi ne yawan buhunan da za ta ɗauka, da ko cikinta zai tsira daga duwatsu da ramuka, da kuma ko injinta zai jure zafin bazara ba tare da ya tafasa a tsakiyar daji ba. Saboda haka tarihin wannan sana'a yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tarihin noma da kasuwa da darajar naira.

Tun farkon zuwan mota, hannun masu sana'ar gida yana cikin ƙirarta. Bayan da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka buƙaci abin da zai kai su bakin jirgi, aikin da jakuna da raƙuma suka daɗe suna yi kafin manyan motoci su karɓe shi sannu a hankali. Kamfanonin fatauci kan shigo da kan mota da inji da ƙarfen da ke ɗauke da ita kawai, sannan kafintoci su gina mata bodin katako daidai da irin kayan da mai ita ke son ɗauka, mai fenti kuma ya ƙawata ta da zane da rubutun addu'a ko karin magana. Wannan ne ya sa mutanen yankin suka saba da ganin mota a matsayin abin da kamfani ke farawa, mai sana'a ya ƙarasa. Ko sauyin hannun tuƙi da Nijeriya ta yi ranar 2 ga Afrilun 1972, daga hagu zuwa dama, ya haifar da wani reshe na sana'ar, wato mayar da sitiyari daga wannan gefe zuwa wancan a motocin da aka ƙera domin ƙasashen da ke bin tsohon hannu.

Abin da ya fi kome sauya fuskar yankin shi ne madatsar ruwa ta Bakalori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, mai alaƙa da Fiat, ya gina a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978. Aikin ya zo da baƙin ciki mai yawa ga manoman da aka tasa daga gonakinsu, har rikicin biyan diyya ya kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980, lamarin da har yau ba a manta da shi ba a garuruwan da ke bakin ruwan. Ta wani gefen kuma, ya tara manyan injuna da direbobi da masu walda da kanikawa a wuri guda na tsawon shekaru, sannan da noman rani ya kankama, shinkafa da alkama da masara da dankali da tumatir da albasa suka buƙaci motar da za ta shiga har bakin gona ta fito da su zuwa babban titin Gusau zuwa Sakkwato da kasuwar Mafara da ke ci ran Talata.

Motar da ta amsa wannan kira ita ce Peugeot, wadda kowa ke kira Fijo. Kamfanin harhaɗa ta da ke Kakuri a Kaduna ya fara aiki a 1975, ya kuma cika hanyoyin Arewa da ƙirar 404 da 504, musamman mai buɗaɗɗen baya da ake kira a-kori-kura. Ƙirar 504 tana tura kanta ne da tayoyin baya, cikinta yana da tsawo daga ƙasa, injinta kuma mai sauƙin fahimta ne, yana shan mai ta kafireto, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska ba tare da taimakon kwamfuta ba. Juriyarta ba labarin tasha ba ne kawai, domin ita ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, 'yar uwarta mai ƙofa biyu kuma ta sake lashe shi a 1978. Gyaran da aka saba yi wa a-kori-kura ya dace da ƙirarta: ana ƙara mata sifirin, wato faifan ƙarfen da ake jerawa a kan gatarin baya domin ɗaukar nauyi, mai walda kuma ya ɗaga mata keji na ƙarfe domin lodi ya yi sama. Tun da dama an yi ta ne domin kaya, ƙarin da aka yi mata bai cika saɓa wa ɗabi'arta ba, kuma wannan ne zamanin da za a iya cewa hannun bakanike da ƙirar kamfani sun fi jituwa.

Jituwar ta fara lalacewa ne daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki shirin gyaran tattalin arziki da ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa, masana'antun harhaɗa motoci na cikin gida kuma suka fara durƙushewa. Gurbin da suka bari sai tsofaffin motocin Turai suka cike shi, waɗanda ake kira Beljiyam saboda ƙasar da yawancinsu ke tasowa daga tashar jiragen ruwanta, ko 'yan Kwatano saboda tashar Jamhuriyar Benin da ake sauke su. A cikinsu babu wadda ta samu karɓuwa a hanyoyin karkara kamar Volkswagen Golf, musamman ƙira ta biyu da ta fito a 1983 da ta uku da ta biyo baya a 1991. Golf ƙaramar mota ce mara nauyi, wadda aka yi domin iyali ƙarami a kan titi mai santsi a ƙasa mai sanyi, har ma akwai nau'inta mai suna GTI da ya fito a 1976, wanda matasan Turai ke alfahari da shi saboda gudu. Arha da ƙarancin shan mai da wadatar kayan gyara su suka mayar da ita jakin tasha.

Wanda ya tsaya a tashar Mafara da yammacin ranar kasuwa zai ga abin da aka mayar da ita. An ɗaga bayanta da sifirin mai tauri wanda aka ciro daga wata mota da ta fi ta girma, an cusa roba ko zoben ƙarfe a samansa, murfin but kuma a buɗe yake, an ɗaure shi da igiyar roba a kan buhunan da suka leƙo waje. Fasinja biyu suna kujerar gaba kusa da direba, huɗu suna baya, yaron mota yana ta jan igiya yana danna lodi da gwiwa, ɗan kamasho kuma yana neman mutum ɗaya da zai cike. Nauyin da kamfani ya ƙayyade wa irin wannan mota bai wuce kimanin rabin tan ba, haɗe da mutanen da ke ciki, amma fasinjojin kaɗai sun kusa cinye wannan adadi kafin a ɗora buhu ko ɗaya.

Gyaran da ya fi jawo gardama shi ne cire tamostat. Wannan ɗan ƙaramin bawul ne da ke tsakanin inji da lagireto, wanda ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama zuwa kusan digiri 90, sannan ya buɗe ya bar shi ya zagaya ya huce. Kanikawa da yawa suna ganin an sa shi ne domin ƙasar ƙanƙara, don haka da zarar mota ta iso sai su zare shi, su kuma haɗa fanka kai tsaye yadda za ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta. Hujjarsu tana da tushe a abin da suka gani da idonsu, domin tsohon tamostat kan maƙale a rufe, inji ya tafasa, gasket ya ƙone, direba kuma ya kwana a hanyar da a yanzu ba a son dare ya riski kowa a kanta saboda rashin tsaro. Amma maganin ya zo da tasa cutar, saboda injin da bai kai zafin aikinsa ba yana sa kwamfutar mota ta ci gaba da zuba masa mai fiye da kima kamar yanzu aka tashe shi, ragowar fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, inji ya riƙa cin kansa a hankali. Yawancin tafasar da ake ɗora wa tamostat laifinta, asalinta lagireto ne da ya toshe saboda ruwan rijiya mai gishiri da ake zuba masa, ko makunnin fanka da ya mutu. Bakaniken da ya wanke lagireto, ko ya sa mai layi biyu, ya kuma sayi sabon tamostat, ya fi wanda ya zare shi sanin aiki, ko da kuɗin aikinsa ya fi yawa a ranar.

Kusa da wannan akwai cire abin da ake kira indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda cikinta ke kama da taliyar da aka ara wa sunan. Ana cewa cire ta na sa mota ta yi numfashi, amma abin da ya fi jan hankali shi ne ƙarafa masu tsada da ke cikinta, waɗanda ke da masu saye. Haka nan an sha mayar da inji mai feshin mai ta kwamfuta zuwa kafireto, domin kawai shi ne abin da garejin ya iya gyarawa.

Masu adawa da taɓa mota galibi ma'aikata ne da dillalai, waɗanda suka san cewa babu kalmar da ke ɗaga farashi a bakin ciniki kamar a ce ba a taɓa kwance ta ba. Direbobin haya kuwa suna amsa musu da cewa motar da ba ta iya shiga Maradun da damina ta fito da kaya, ado ce kawai, kuma kuɗin mota da fasinja ke iya biya ba zai rufe kuɗin mai ba idan aka tsaya kan mutum huɗu. Akwai kuma rukuni na uku, matasan birane masu wasan mota a lokutan biki, waɗanda ke neman tsofaffin motoci masu tura baya domin su juya a wuri ɗaya, su kuma huda salansa domin ƙara. Su ne suka fi kama da masu sha'awar Turai, sai dai wasan da ake yi a titin da jama'a ke bi ba shi da wata hujja da za a kare shi da ita.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara matse direba. Hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017 ya tsadar da 'yan Kwatano, matakan tsaro na Satumbar 2021 sun rufe kasuwannin mako na jihar tare da taƙaita sayar da mai na wani lokaci, cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma ya sa kowace tafiya sai an cika mota maƙil kafin ta biya kanta. Mayar da inji zuwa mai amfani da iskar gas, wanda gwamnatin tarayya ke ƙarfafawa, yana buƙatar tukunya a cikin but, wurin da direban Golf ke neman abincinsa, yana kuma buƙatar wurin ɗura gas a kusa.

A cikin duk waɗannan sauye-sauye, sashen da aka fi mantawa da shi shi ne birki. Ana ƙara sifirin domin mota ta ɗauki ninkin nauyinta, amma faifan birki da tayoyin da za su tsayar da ita suna nan yadda aka yi su domin iyali ƙarami, sau da yawa ma tayoyin Beljiyam ne da suka tsufa tun kafin su iso. Tun da Golf da tayoyin gaba take ja, da su take juyawa, su ne kuma ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, lodin da ya danne bayanta yana rage musu riƙon ƙasa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, fitilunta kuma su ɗaga sama su makantar da mai tahowa. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ba ta iya tsayawa a kowane gareji, amma ƙungiyar direbobi tana kowace tasha, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau kuma tana cikin garin Mafara. Ya kamata shugabannin tashoshin Mafara da Bakura da Maradun su haɗa kai da kwalejin a shirya wa kanikawa da yaransu gajeren horo a kan birki da sanyaya inji, su kuma hana duk motar da aka ƙara wa sifirin ɗaukar lodi har sai an duba birkinta da tayoyinta.