Yadda Kwamfuta Ta Koyi Rubuta Ƙ: Taƙaitaccen Tarihi

Sanin kowa ne cewa kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Duk harafin da mutum ya buga, sai manhaja ta duba wani jadawali ta mayar da shi lamba sannan ta adana. In an zo karantawa kuma ta sake duba jadawalin ta mayar da lambar harafi. To, idan jadawalin da aka rubuta da shi ya saɓa da wanda aka karanta da shi, rubutu ya lalace ke nan. Wannan 'yar maƙala za ta bi sawun waɗannan jadawalai, da yadda manhaja ke zaɓen wanda za ta yi aiki da shi.

A shekarar 1963 aka fitar da jadawalin ASCII a Amurka, mai gurabu 128. An tsara shi ne domin Ingilishi, har ma ƙananan baƙaƙe sai a 1967 suka shiga. Da aka faɗaɗa gurabun zuwa 256, sai kowace nahiya ta cusa nata a sabon rabin. ISO 8859-1 na 1987 ya ɗauki baƙaƙen Yammacin Turai, kamfanin Microsoft kuwa ya yi nasa mai kama da shi, Windows-1252. A cikinsu babu mai ɓ, ɗ ko ƙ, alhali tun shekarun 1930 ake buga Hausar boko da su. Gaskiya ne a 1983 an yi ISO 6438 domin harsunan Afirka, amma don kundayen laburare aka yi shi, bai kai ga teburin talaka ba.

Me Bahaushe ya yi? Wasu suka zubar da lanƙwasar, har "ƙafa" da "kafa" suka zama abu guda. Wasu kuma suka ƙera nau'in rubutu na musamman, suka zana ƙ a gurbin wata alama da ba a cika bukata ba. Dabarar ta yi amfani a kan takarda. Illa iyaka lambar da ke cikin fayil ta waccan alamar ce, saboda haka ranar da aka buɗe shi a na'urar da ba ta da wannan zanen, sai alamar ta fito fili. A ganina wannan ita ce ɓarna mafi muni, domin babu inda aka rubuta yarjejeniyar sai a kan mai bugun.

A 1991 Unicode ya fito da nufin bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, kuma baƙaƙenmu masu lanƙwasa sun samu shiga, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar. A watan Satumba na 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wato hanyar adana waɗannan lambobi. Hikimarsa ita ce baƙaƙen ASCII suna nan yadda suke, kowanne bayit ɗaya, su kuwa irin su ƙ bayit biyu. Alal misali, ƙ ana adana shi C6 99. Manhajar da ta zaci Windows-1252 ne za ta karanta su ɗai-ɗai, ta nuna Æ™. Duk wanda ya taɓa ganin "Æ™asa" a maimakon "ƙasa", to ga asalinsa. Japanawa sun sha wannan wahala har suka raɗa mata suna, mojibake.

Sai babbar tambaya: ta yaya manhaja ke sanin jadawalin da za ta ɗauka? Fayil na zallar rubutu ba ya faɗin nasa. Wani lokaci akan samu shaida, kamar lakabin da tsarin MIME ya ƙara wa wasiƙun imel tun 1992, ko bayit uku, EF BB BF, da wasu manhajoji ke sawa a goshin fayil. In babu shaida, sai ta koma ga saitin harshe da yanki na na'urar, in ba haka ba ta yi canke. Abin lura, ba lallai ne zaɓin shigarwa ya zama na fitarwa ba. Tana iya karanta fayil da wani jadawali, ta rubuta wa allo da wani. Littattafan jagora kuwa sau da yawa abin da suke cewa shi ne ana bin "saitin na'ura", wanda ke nufin ɗalibi da malaminsa za su buɗe kundi ɗaya kowa ya ga abu dabam.

Gyaran ya zo a hankali. A 2008 Google ya bayyana cewa UTF-8 ya zarce sauran jadawalai a shafukan intanet. A 2019 Notepad ya koma adanawa da shi kai tsaye. Harshen Java kuwa sai a 2022, a fitowa ta 18, ya daina dogara da saitin na'ura wajen karanta fayil da rubuta shi, kuma masu shi suka rubuta hakan ɓaro-ɓaro, tare da bayanin cewa abin da ake fitarwa a allon umarni yana nan yana bin saitin na'urar. Tsofaffin fayilolin da aka buga da zanannen ƙ kuwa babu sabon tsarin da zai warkar da su, sai an san gurbin da aka ara, an bi an musanya shi.