Tarihin Haɗa Folima da Feftayid don Isar da Ƙwayoyin Gado

Shigar da ƙwayar gado cikin tantanin jiki aiki ne da bairos ya fi kowa iyawa, shi ya sa masu bincike suka daɗe suna ba shi dakonta. Sai dai tun a 1965 Vaheri da Pagano suka nuna cewa wata folima, DEAE-dextran, tana taimaka wa RNA ya shiga tantani. DNA da RNA cajinsu na lantarki negatif ne, irin wannan folima kuwa fozitif, don haka takan manne musu ta dunƙule su ƙanana.

A 1987 George Wu da Catherine Wu, a Amurka, suka ɗaura wa folimar polylysine wani furotin da tantanin hanta ke ganewa, kayan suka nufi tantanin hanta kai tsaye. A nan babbar matsalar ta bayyana. Tantani yakan haɗiye dunƙulen cikin wata 'yar jaka mai tsami da ake kira endosom, mafi yawansa ya lalace kafin ya kai cibiyar tantani.

Mafitar daga bairos ɗin aka aro ta. A 1992 Ernst Wagner da abokan aikinsa a Biyana suka ɗauko ɗan gajeren feftayid, wato guntun furotin, daga jikin bairos na mura, wanda tsamin jakar ke sa ya lanƙwashe ya huda bangonta, suka haɗa shi da polylysine. Wannan ne matakin da ya fi muhimmanci a tarihin fannin: folima ta riƙe kaya, feftayid ya buɗe hanya. Daga baya aka ƙara da feftayid Tat na HIV, mai ratsa fatar tantani. A 1995 Jean-Paul Behr a Faransa ya gabatar da folimar PEI, mai iya kuɓuta daga jakar da kanta, ko da yake tana da guba.

Rasuwar Jesse Gelsinger, ɗan shekara 18, a 1999 bayan an yi masa allurar adenobairos mai ɗauke da ƙwayar gado a gwajin Jami'ar Pennsylvania ta ƙara wa neman hanyar da ba ta bairos ba ƙaimi. A 2000 Lynn da Langer na MIT suka samar da folimar da ke narkewa a jiki bayan ta sauke kaya.

Duk da haka, ƙwayoyin maiƙo masu irin wannan dako ne suka riga folima isa asibiti, da maganin Onpattro a 2018 da rigakafin korona a 2020. Haɗin folima da feftayid galibinsa yana matakin gwaji, domin furotin na jini kan lulluɓe dunƙulen, hanta da saifa su kwashe shi kafin ya isa inda aka aike shi.